Ganau da Jiyau: Koyar da Ɗalibai Ba da Labari da Bidiyo a Aikin Jaridar Makaranta

 Iyayena malamai da 'yan'uwana malaman makarantun sakandare, ina neman izininku in gabatar da ɗan abin da ya sawwaƙa a kan wata mas'ala da ta shigo mana makarantu ba tare da sallama ba, wato ɗaukar labari da bidiyo, da yadda malami zai bi ya koya wa ɗalibansa wannan fanni har su iya ba da labarin da zai zauna a zuciyar mai kallo, wanda kuma ba za a ji kunyarsa ba ranar da aka binciki gaskiyarsa.

Duk wanda ya taɓa koyarwa a sakandare ya san ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta, ya san yadda ɗalibai biyu kan fito gaban taron safe da doguwar takarda a hannu, ɗaya ya karanta labaran duniya waɗanda ya kwafo daga rediyo daren jiya, ɗayan ya karanta na cikin gida, wato wane aji ne ya ci ƙwallo da wane malami aka yi wa haihuwa, a tafa musu, a shiga aji. Wannan al'ada mai albarka ce, ban kuwa zo in rushe ta ba. Amma tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, daga baya ta rikiɗa ta zama kyamara da ɗakin tace hoto da gidan talabijin duk a aljihu guda, sai ya zamana yaron da muke miƙa wa takarda ya karanta ya riga ya saba da wata hanyar ba da labari dabam, wadda ya koya daga TikTok da finafinan Kano ba tare da jagorancin kowa ba. A sha'anin latsa na'ura, ɗalibanmu su ne malamanmu, kuma gara mu amsa haka tun da wuri mu huta. Abin da suka rasa, wanda waya ba za ta ba su ba, shi ne sanin abin da ya cancanci a nuna da riƙon amanar abin da aka nuna, kuma a kan waɗannan biyu maƙalar nan za ta tsaya.

Kazar majigi

Bari in fara da wani tsohon labari, domin kuskuren da ke cikinsa har yau ana maimaita shi a makarantunmu. A shekarar 1939, shekarar da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam yana editanta, gwamnatin Ingila ta kafa wani sashe na shirya finafinai domin ƙasashen da take mulka, ta ɗora William Sellers a kansa, wani jami'in kiwon lafiya da ya yi aiki a Ikko, wanda ya daɗe yana amfani da hoto mai motsi wajen yi wa jama'a gargaɗi a kan tsafta da annoba. Irin waɗannan finafinai ne aka riƙa ɗorawa a mota ana zagaya garuruwa, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada da dare, tafinta yana tsaye da lasifika yana bayani, abin da iyayenmu suka sani da sunan majigi, wanda har yanzu in ka ambaci fim ɗin Baban Larai a gaban dattijo sai ka ga ya yi murmushi.

To, a tsakanin ma'aikatan wannan sha'ani akwai wata hikaya da aka yi ta yayatawa, har ta kai ga Marshall McLuhan, masanin nan na Kanada, ya sa ta a littafinsa na 1962. Wai an nuna wa mutanen wani ƙauye a Afirka fim ɗin wani ma'aikacin tsafta yana bin gida a hankali yana zubar da ruwan da ya kwanta a gwangwanaye domin kada sauro ya hayayyafa, da aka gama aka tambaye su abin da suka gani, sai suka ce sun ga kaza. Masu fim ɗin ba su ma san da wata kaza ba, sai da suka koma suka bi hoton ɗaya bayan ɗaya, suka tarar lalle akwai wata da ta gifta ta wani lungu, ba ta fi sakan guda ba. Hukuncin da suka yanke shi ne, baƙar fata bai iya kallon hoto ba, sai an yi masa fim mai tafiyar hawainiya, babu yanke-yanke babu dabara. Ruwayar tana da rauni, domin daga bakin masu fim kaɗai aka ji ta, ba a ji ta bakin ƙauyawan ba. Amma ko da mun karɓe ta yadda take, ni a ganina ƙauyawan sun fi masu fim fahimtar fim. An zaunar da su mintoci suna kallon mutumin da ba a gaya musu ko wane ne ba, ba abin da yake nema wa kansa, ba abin da ya tare masa hanya, sai ga wata halitta guda ta ɓullo wadda take da bukata, tana gudun kada a taka ta. Idon ɗan Adam kuwa, na Bature ne ko na Bahaushe, inda rai da motsi da bukata suke can yake tafiya.

Na ga wannan kaza da idona a wata makarantar kwana ta maza da na yi aiki, wadda ba zan ambaci sunanta ba. Famfon tuƙa-tuƙa da ke bayan ɗakunan kwana ya lalace, aka shiga mako na uku yara suna fita wata rijiya a bayan katanga, sai 'yan ƙungiya suka ce za su yi rahoto a kai, na ba su wayata na ce su je. Abin da suka kawo mini minti 11 ne. Minti biyu na farko ɗalibi ne sanye da kwat ɗin aro, ya riƙe kwalbar turare a matsayin makirfo, yana gaishe da masu kallo da irin muryar masu karanta labarai. Daga nan kyamara ta bi harabar makaranta tana lilo daga tuta zuwa allon suna zuwa bishiyar darbejiya kamar mai neman ɓatacciyar akuya. Saura kuwa mataimakin shugaban makaranta ne a bayan teburinsa, hasken taga ya mai da fuskarsa baƙa ƙirin, fanka tana ƙugi ta cinye rabin maganarsa, yana bayanin cewa an rubuta takarda zuwa ma'aikata. Da muka haska wa 'yan ƙungiyar, ba wanda ya motsa sai a wuri guda, inda wani ɗan aji ɗaya ya gifta ta bayan mai rahoto ɗauke da bokiti biyu, yana tangaɗi, ruwa yana fallatsa a wandonsa. Nan fa ɗaki ya kaure da dariya da kiran sunansa. Na tsai da hoton a nan, na ce musu, "Ga labarinku nan ya wuce ta bayanku, kun bar shi ya tafi."

Bayan kwana biyu, da aka nemi yardar yaron da ta malamin ɗakin kwanansu, ɗalibai uku suka tashi tun kafin kiran assalatu suka bi shi. Suka ɗauko hannunsa yana ƙulla igiyar guga a hasken tocila, da jerin bokitai da suka yi layi a madadin masu su, da ƙarar guga yana faɗawa can ƙasa, da fuskarsa sa'ad da ƙararrawar shiga aji ta kaɗa alhali bai yi wanka ba. Tambaya guda ce ta yi aiki a cikin duk waɗanda suka yi masa, ita ce, "Me ya sa bokiti biyu?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ɗaya nawa, ɗaya na siniya." Da aka tace, rahoton bai kai minti uku ba, kuma ba wanda ya yi dariya.

Mutum, da bukata, da cikas

Bambancin rahoton farko da na biyu shi ne, na farko an ɗauki maudu'i, na biyu an ɗauki mutum. Matsalar ruwa maudu'i ne, ana iya rubuta insha'i a kansa, amma kyamara ba ta iya ɗaukarsa, gama ba shi da fuska ba shi da hannu. Abin mamaki kuwa, yaran nan sun san wannan ƙa'ida tun suna kan cinyar kakanninsu, domin babu tsohuwar da ta taɓa buɗe tatsuniya da cewa yunwa matsala ce da ta addabi namun dawa. Da Gizo za ta fara, yunwa ta kama shi, abinci yana hannun wanda ya fi shi ƙarfi, shi ke nan yara sun nutsu. Mu ne a makaranta muka kashe musu wannan baiwa da koya musu cewa kowane rubutu sai an fara shi da doguwar shimfiɗa. Saboda haka ban ba ɗalibi waya sai ya faɗa mini labarinsa a jumla guda mai sunan mutum a farkonta da kalmar "amma" a tsakiyarta: wane yana neman abu kaza (ba kazar majigi ba), amma ga abin da ya tare shi. Mai gadin makaranta yana son ya iya karanta wasiƙar ɗansa da kansa, amma ya tsufa bai shiga aji ba. Mai dafa abinci tana son ta ciyar da ɗaruruwan yara kafin azahar, amma itacen ya jiƙe. Wanda ya kasa kawo wannan jumla, ko ya yini yana ɗauka, tarkace zai kawo.

Sai dai a yi hattara da aron tatsuniya, domin Bahaushe ya raba tatsuniya da labari tun asali, kuma malaman balaga sun ce habari, wato labari, shi ne zancen da zai yiwu a ce wa mai shi ka yi gaskiya ko ka yi ƙarya. Siffar tatsuniya muke ara, wato jeranta al'amari yadda mai kallo zai ƙagu ya ga ƙarshe. Abin da za a zuba a ciki kuwa wajibi ne ya zama ya auku.

Game da ɗaukar hoton kansa ba zan tsawaita ba, domin ana koyar da shi a zama biyu. Akwai wani tsari da Michael Rosenblum, wani Ba'amurke mai horar da 'yan jaridar bidiyo, ya shahara da shi, cewa duk aikin da mutum yake yi a ɗauke shi ta fuska biyar: hannunsa daga kusa, fuskarsa daga kusa, wurin gaba ɗaya daga nesa, ta bayan kafaɗarsa domin a ga abin da yake gani, sa'an nan wata kusurwa da ba a saba ba. Kowace ɗauka a tsai da hannu cak, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, a ƙirga goma a zuci kafin a motsa; haske ya kasance a bayan mai ɗauka; in ana son kusantar abu a taka a je, a bar jawo shi da yatsa, don zuwa da kai ya fi aike. Yaron da ya kiyaye waɗannan zai tarar, idan ya zauna tacewa a CapCut ko KineMaster, yana da abin da zai yanka ya haɗa ba tare da hoto ya yi tsalle ba.

Inda nake so in daɗe shi ne sauti, domin a nan ne karin maganarmu ya yaudare mu. Mun ce gani ya kori ji, kuma a gaban alƙali haka ne, ganau ya fi jiyau. Amma a bidiyo, mai kallo yakan haƙura da hoto mai dishi-dishi ya ci gaba da kallo, muddin kuwa ya kasa jin abin da ake faɗa, to, ya tafi ke nan. Makirfon waya yana ɗaukar abin da ya fi kusa da shi ne, ba ruwansa da wanda ya fi muhimmanci, shi ya sa fanka ta rinjayi mataimakin shugaba. Maganin kuwa ba ya cin kuɗi: a kashe fanka, a matso kusa da mai magana kamar tsawon hannu, ko a saƙala masa makirfon da ke jikin igiyar abin saurare, ko a sa waya ta biyu a aljihun gabansa tana naɗar murya, lokacin hunturu a juya wa iska baya, a lulluɓe makirfo da safa. Sa'an nan a kowane wuri a yi shiru minti guda a naɗi muryar wurin kansa, kukan ƙarfen rijiya, ko ƙarar cokali a kwanon silba, ko sautin masu hadda daga masallaci, domin waɗannan ne suke ɗauke mai kallo daga inda yake zaune su kai shi wurin. Jarrabawar da nake yi wa kowane rahoto ita ce in kifa wayar a kan tebur, mu saurara ba mu gani. Idan labarin bai fita ta kunne ba, a koma.

Akwai kuma wata wahala da littattafan Turawa ba su san da ita ba, wato kunya. An rene mu a kan cewa yaro ba ya kallon babba ido cikin ido, ba ya katse shi, ba ya kuma ce masa bai gamsu ba. Ga shi aikin jarida kacokan a kan tambaya ta biyu yake, wadda ake yi bayan an ba da amsar da ba ta amsa komai ba. Wasu masu horarwa sukan ɗauka maganin shi ne a cire wa yaro kunyar, sai su mai da shi fitsararre, dattawa su rufe masa ƙofa. Ni abin da na gwada ya yi amfani shi ne a ba shi lafuzzan da ladabi ya yarda da su: "Allah ya gafarta malam, a ƙara mana haske a kan wannan," ko "Ranka ya daɗe, wace rana aka aika da takardar?" Wannan ta ƙarshe tambaya ce mai kaifi ƙwarai, amma ba mai cewa an yi masa rashin kunya. A kuma koya masa ya yi shiru bayan an ba shi amsa, ya ƙirga uku, domin mafi yawan lokaci maganar gaskiya a cikin wannan shirun take fitowa. Mai magana kuma a bar shi ya yi da harshen da yake tunani da shi. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma mai gadi da zai ba ka zance mai ratsa jiki da Hausa, in ka tilasta masa Turanci, jumla uku busassu za ka samu. Fassara a rubuta ta a ƙasan hoto.

Muryar mai rahoto ita ce ta ƙarshe da za a rubuta, kuma a nan ijazi ake so, wato taƙaita lafazi da cika ma'ana. Idan hoto ya nuna yaro yana jan guga, ɓarnar lokaci ne a ce ga yaro yana jan guga; a faɗi abin da ido ba zai gani ba, kamar cewa yau kwana 19 ke nan, ko cewa rijiyar ta wani maƙwabci ce da ya bari don Allah.

Amana

Yanzu na zo kan abin da ya fi nauyi. Wajen shekara ɗari da suka wuce, wani mai shirya fim na Rasha, Lev Kuleshov, ya ɗauki hoton fuskar wani ɗan wasa wadda ba ta nuna komai, ya jera ta sau ɗaya da kwanon miya, sau ɗaya da akwatin gawa, sau ɗaya da wata mace. Masu kallo suka ce a na farko yunwa yake ji, a na biyu baƙin ciki, a na uku sha'awa, alhali fuskar guda ce ba ta canza ba. Ma'anar wannan ita ce, mai tace hoto yana iya shirga ƙarya ba tare da ya ƙago ko ɗauka guda ba, jerantawa kaɗai ta ishe shi. Ɗalibaina ba su taɓa jin sunan Kuleshov ba, amma da kansu suka gano dabararsa, domin a cikin hirar mataimakin shugaba akwai inda ya yi dariya saboda wani malami ya leƙo ya yi masa barkwanci, sai ɗaya daga cikinsu ya kawo shawarar a ɗora wannan dariya daidai bayan hoton yaro yana tangaɗi da bokiti. Da an yi haka da rahoton ya yi armashi, da kuma an zalunci bawan Allah, an nuna shi yana yi wa wahalar yara dariya. Wannan rana darasin tacewa ya koma darasin shaidar zur.

A nan muna da gadon da ya fi na kowa, sai dai ba mu cika tunawa da shi a ajin jarida ba. Malaman hadisi ba su karɓar ruwaya sai sun duba isnadinta, wa ya ji daga wa, sun kuma shardanta wa mai ruwaya adalci da kiyayewa. Ba ina daidaita bidiyon ɗalibai da hadisi ba ne, Allah Ya kiyaye, hanyar bincike nake ara. Ibn Khaldun kuma, a Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya lissafa dalilan da ƙarya ke shiga labari, daga cikinsu akwai ta'assubanci ga wani ra'ayi, da yawan amincewa da mai kawo labari, da neman fada wurin masu mulki, waɗanda duk ukun za ka same su a ƙungiyar 'yan jarida ta kowace makaranta. Aya ta 6 a Suratul Hujurati ta yi umarni da tabbatar da labari kafin a yi aiki da shi, ta 12 kuma ta hana bin diddigin asirin mutane da giba, kuma tsakanin waɗannan ayoyi biyu ɗan jarida yake tafiya. Abin da na mayar doka shi ne, kowace ɗauka sai an rubuta isnadinta a littafin ƙungiya, wa ya ɗauka, a ina, wace rana. Bidiyon da aka turo ta WhatsApp ba a san mafarinsa ba kuwa ba ya shiga rahotonmu ko da ya kai mene ne kyau. Haka nan na hana a ce wa mutum ya sake yin abu domin kyamara. Na san wasu ƙwararru sun yi rangwame a kan maimaita aikin da mutum ya saba yi kullum, amma yaro ɗan shekara 15 bai iya tsayawa a kan iyakar da ke tsakanin "sake ɗaukar bokitin" da "ɗan ƙara ɗingishi" ba.

Sai maganar "ɗaya na siniya." Ita ce jumla mafi ƙarfi a rahoton, ita ce kuma za ta sa a yi wa yaron dukan tsiya a ɗakin kwana bayan an kashe fitila, inda ba malami ba kyamara. 'Yan ƙungiya suka rabu biyu, wasu suna cewa gaskiya ce ai, kuma da bakinsa ya faɗa. Na ce a kira shi a gaya masa dalla-dalla su wane ne za su kalli wannan abu. Da ya ji har da 'yan aji shida, sai idonsa ya cika da ƙwalla. Muka cire jumlar. Amma ba mu bar maganar ba, domin an sami wani shugaban ɗalibai ɗan ajin ƙarshe, wanda ba mai iya taɓa shi, ya amsa a gaban kyamara cewa lalle ana aiken ƙanana ɗiban ruwa, kuma shi ma an aike shi a zamaninsa. Hoton bokiti biyu kuwa muka bar shi ya yi maganarsa. Yardar da yaro ya bayar kafin ya san inda hotonsa zai je ba yarda ba ce. Kundin ɗa'ar 'yan jaridar Nijeriya da aka amince da shi a Ilori a 1998 ya hana bayyana suna ko hoton yaron da bai kai shekara 16 ba idan al'amarin ya shafi laifi ko lalata, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta shardanta yardar iyaye ko waliyyi kafin a sarrafa bayanan yaro. A makarantun mata abin ya fi haka tsanani, domin hoton yarinya da aka ɗora a intanet yau yana iya fitowa bayan shekara biyar ranar da ake maganar aurenta. Shi ya sa nake ganin a haska rahoto a zauren makaranta tukuna, ɗora shi a Facebook kuwa ya zama hukunci na dabam da ke bukatar izini na dabam.

Ragowar magana a kan shugaban makaranta take. A Amurka ma, inda jaridar ɗalibai ta daɗe da kafuwa, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 1988, a shari'ar wata makarantar Hazelwood da ke jihar Missouri wadda shugabanta ya cire shafi biyu daga jaridar ɗalibai, cewa hukumar makaranta tana da ikon tace abin da ke fita da sunanta idan akwai dalili na tarbiyya. To, balle mu. Babu amfanin malami ya ruɗi ɗalibai da cewa suna da 'yancin da ba su da shi. Abin da ya fi shi ne a farkon zango a zauna da shugaba a rubuta yarjejeniya, cewa zai ga kowane rahoto kafin a haska, cewa duk wanda aka ambata da laifi za a ba shi damar amsawa a cikin rahoton, shi kuma idan zai hana, ya faɗi dalili a gaban 'yan ƙungiya.

Game da kayan aiki, na san mafi yawan makarantun kwana sun haramta wa ɗalibai riƙe waya, kuma ban ga laifinsu ba. Waya guda ta ƙungiya, irin Tecno ko Infinix ɗin nan da ke ko'ina, tana hannun malami, ana sa hannu a karɓa a sa hannu a mayar, ta isa ɗalibai ashirin idan an kasa su huɗu-huɗu, kuma ƙarancinta ma alheri ne, domin wanda ya san awa guda kaɗai zai riƙe ta, sai ya zana abin da zai ɗauka a takarda tun kafin ya fita. A tura hoto ta Xender ko ta igiya, domin WhatsApp yana rage masa kyau. Wajen ba da maki kuwa, ni kaso mafi tsoka ina ba gaskiyar labari da adalci ga waɗanda ke cikinsa, sai sauti, sai tsari. Rubutu mai walƙiya da kiɗan da aka ɗora ba su da ko maki guda, har nakan rage idan an sa kiɗan tausayi domin a matso hawaye.

Famfon nan an gyara shi bayan kwana tara, amma ba zan ba bidiyon wannan lada ba, domin takardar da mataimakin shugaba ya ambata da gaske an aika ta, kuma ɗalibai sun ga kwafinta da kwanan watanta. Abin da rahoton ya jawo shi ne, maganar aiken ƙananan yara ta shiga taron malamai a karon farko tun zuwana makarantar.

Roƙona ga iyayena shugabannin makarantu da ke wannan zaure shi ne, ku ware wa ƙungiyar nan awa guda a mako a cikin jadawali, ku saya mata waya guda da littafin rajista, ku ɗora mata malamin da ɗalibai ba su tsoron gaya wa gaskiya. Ranar da kuma suka kawo muku rahoton da ya taɓa ofishinku, don Allah ku zauna ku kalle shi har ƙarshe kafin ku yanke hukunci.